Jibi Sai Birni

Albasa ta yi kuɗi bana, lalita ta yi nauyi,
jibi sai Sakkwato, ni da Kaka Tumba.
Na rubuta a bayan kwalin sabulu:
Hubbare da sassafe, kafin rana ta buɗe,
sai Ƙofar Rini, sai masa da miyar taushe,
kilishi ƙunshi biyu, ɗaya na Nomau
da zai tsare mana awaki.

Kaka ta saurara tana tsinkar zogale.
"Ba ka sa gadar Rima ba," in ji ta.
"Nan kakanka yas saya min hura,
yaz zubda rabi garin kallona."

Na juya kwalin, babu sauran fili.
Na soke kilishin Nomau.