Hancin Barira

Daga Ƙofar Sauri ta zo, hoto a waya:
"Likita, irin wannan, har baka."
Na haska kafofin biyu,
iska na shiga, tana fita,
ba karaya, ba toshiya.
Shekara ashirin da shida, ƙashi ya tsaya.
Hawan jini? Babu.
Taba? Ta yi dariya.
Takarda dai ta yarda a yanka.

"Tun yaushe yake damunki?"
Ta ja bakin mayafi.
"Tun bara. Na Baba ne.
In na duba madubi, shi nake gani."

Na mayar da biro aljihu.
Wuƙata ƙashi ta sani, Barira,
ba ta san makwancin kewa ba.
Je ki da shi tukuna.
Ki dawo bayan an yanke gero.