Tsumman Kan Danga

Ni ban taɓa shiga ruwa ya wuce gwiwata ba,
amma zo Madarumfa ka tambaye ni
abin da tafki zai bayar kafin hantsi.
Akwai tsumman zani da na ɗaure a kan danga,
ja ne a da, rana ta shanye jan.
Shi nake dubawa kafin in duba murhu.

In na fito da asuba na iske shi a rataye
kamar kunnen akuya mai ciwo,
ruwa ya kwanta sumul, gawo ya zama biyu,
ɗaya a tsaye, ɗaya a kife,
to ranar ba ni zuwa kantin Nomau cin bashin mai.
Kifi na hango inuwar gora daga ƙasa,
yana ganin zaren fatsa, yana ganin hannun Mantau,
sai ya gangara can ƙasa ya yi kwanciyarsa.
Ƙanen nawa ya dawo da karfasa uku
waɗanda ko kyanwa sai ta yi shawara.

Amma bari tsumma ya fara rausaya,
iskar yamma ta taso da ɗuminta,
ta yamutsa fuskar ruwa kamar goshin kaka,
ta kwashi ƙwari da busassun ganye
ta kai gaɓar gabas ta jibge.
Ƴan kifaye su bi abinci,
giwan ruwa ya bi ƴan kifaye,
Mantau ya bi giwan ruwa,
ni kuma in bi hanyar kanti: lita biyu, rubuta.
Nomau ya ce, kin ga kifin?
In ce, na ga iska.

Mantau yakan ce rago ke neman mafaka,
ya jefa fatsa inda ruwa ba ya motsi,
ya koma gida yana zagin sa'a.
Shi gaɓar da igiya ke mari yake nufa,
inda ruwa ya yi kalar kunu,
kifi bai ganinka, kai ma ba ka ganinsa,
sai dai zare ya faɗa wa yatsa.

Bara, wata Talata, farkon damina,
hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas.
Duk mai su ya san wannan ɗan lokaci:
kifi na ci kamar an ce gobe azumi.
Tsumma ya miƙe sambal, yana kaɗa kamar bulala.
Na ruga na karɓo lita huɗu.
Ina lissafin kasuwar Maradi a zuci,
har na saya wa kaina sabon kasko,
ban ɗaga kai na duba tafki ba.

Gora ce ta fara isowa gaɓa.
Ita kaɗai, tana juyi, bakinta a sama.

Ban san sa'a nawa na tsaya a cikin ruwan nan ba.
Tsahara, shiga gida, in ji mata.
Na riƙe gorar kamar ta san wani abu.

Bayan isha'i amalanke ta tsaya a ƙofa,
wani manomi daga wancan ƙetaren ya sauke shi,
ba koma, ba fatsa, ba takalmi,
haƙora na kaɗawa, yana son ya yi dariya.
Ya ce, Yaya, da kin ga wanda ya kuɓuce mini!
Na ba shi zanina, ban ce komai ba.

Man nan ƙosai na toya da shi, kwana tara,
kafin Nomau ya soke sunana a littafi.

Tsumman na nan, ya ƙara kodewa.
In ya rausaya, lita biyu.
In ya miƙe sambal, ba kanti nake nufa ba,
bakin ruwa nake zuwa, in cika baki da sunansa,
iska na mayar mini da shi, ina sake kira,
har sai na ga gora ta juyo da mutum a kanta.