Fijo Goma Sha Tara

Ran Lahadi bayan la'asar, a filin bakin gadar Binuwai,
aka ce tsofaffin motocin Garwa za su taru su gaisa.
Na wanke hannu da kananzir har sau uku,
baƙin mai ya ce shi ba inda za shi.
Na sa hula, muka tafi tare.

Ta farko Fijo ce, biyar-sifili-huɗu, fara sol.
Na ce madalla.
Ta biyu Fijo ce, fara.
Ta uku ma haka, sai dai an rataya mata carbi a madubi.
Kafin in kai ƙarshen layi na bar gaisuwa,
na koma ƙirga:
goma sha tara, kamar ƙwan zabuwa guda.
Fenti ɗaya, na garejin Hamajoda a Yalwa,
har inda hannunsa ke karkacewa na gane.
Kowace ta wangale bonet
kamar masu jiran mai cire haƙori,
kowane mai mota da tsummansa da labarinsa,
labarin ma ɗaya ne:
"Ta kawuna ce, ba a taɓa sauke injinta ba."
Ni da na sauke bakwai daga ciki, na yi gum.

Ina Barliye, mai hawan dutsen hanyar Ngaundere da giya ɗaya,
karen mota na bin ta a ƙasa da weji a kafaɗa?
Ina Sabiyam mai ɗauko kifin Lagdo,
wadda ƙudaje suka fi direba sanin hanyarta?
Ina Sitiron ɗin fadan mishan, mai rangaji kamar agwagwa,
wadda yara huɗu ke ciccibowa daga laka?
Landirobar likitan shanu fa, da ƙofarta ta igiya?
Ko muryoyinsu ba su haɗu ba.
Ina kwance a ƙarƙashin mota nake gane mai tahowa:
wannan tari, wannan gurnani, waccan kukan jinjiri.
Yau da aka ce a tayar, aka tayar,
sai na ji mutum ɗaya yana magana da baki goma sha tara.

A bakin shinge Asta Wabi ta tsaya da 'yar Renonta,
shuɗiya a gaba, ja a ƙofar hagu,
buhun albasa uku a baya.
Yaron da ke riƙe da igiya ya ce ba ta cikin takarda,
kuma wai tana ɗigar da mai.
Ta ce, "Mai rai ke gumi, ɗana."
Ta sa ribas, ta nufi kasuwa.
Ita kaɗai na raka da ido har ta sha kwana.

Alƙalai uku suka zaga, suka leƙa, suka shafa,
suka ba farar Fijo rago.
Wacce daga ciki?
Mai ita ma sai da ya duba lamba.

Na so in yi faɗa, har na gyara murya.
Sai aka sauke shinkafa
a wata ƙatuwar tukunyar alminiyom,
na ga tambarin maƙeran bayan kasuwa a kunnenta.
Na tuna shekarar da dawa ta yi tsada,
da muka riƙa jan su ɗaya bayan ɗaya zuwa sikeli.
Sitiron ɗin nan, da wannan hannun na kwance ta,
ni na riƙe sarƙa aka ɗaga kan injin,
kilo kaza, sefa kaza, na karɓa na ƙirga sau biyu.
Fijo ta tsira don kayan gyaranta
ko a teburin mai goro sai ka samu.
Sauran kuwa mun cinye su.

Aka zuba mini. Na zauna a inuwar wata fara,
ban ma san ta wa ba ce.
Da na gama, na lallaɓa wajen murhu,
na ƙwanƙwasa gefen tukunyar da cokali,
na kara kunne.

Mai abinci ta ce, "Baba Dairu, ƙari kake so?"
Na ce a'a, 'yata,
wata nake saurare.