Littafi Mai Shuɗin Bango

Shekara talatin ina koyar da lissafi a Garwa,
na san ragewa, na san tarawa.
Da na ajiye alli sai Hamajoda ya aiko yaro:
in zo in riƙe masa littafi,
zai nemi kujerar magajin gari.

Aka ba ni biro biyu, da littafi mai shuɗin bango,
da takardar doka wadda ta ja layi ta ce:
kuɗin neman ƙuri'a ga iyakarsu,
kowane sefa a faɗi ƙofar da ya shigo,
a faɗi ɗakin da ya kwana.

Makon farko aikin ya yi mini daɗi.
Hayar kujeru ɗari biyu, na rubuta.
Man babura goma sha takwas, na rubuta.
Batirin lasifika da ya mutu a Yalwa
ana tsakiyar alkawarin famfo,
hotunan da muka manna a bangon kasuwa
awaki suka cinye na ƙasa don kwaɗayin sitaci,
duka na rubuta, na soke rasit da allura.

Sai dare ya soma kawo nasa lissafin.
Mota ba fitila, katan-katan na sabulu,
gishiri, turmin atamfa mai fuskarsa yana murmushi,
ambulan siririya ga kowane mai baki a unguwa.
Na buɗe littafi, ya dafa hannuna:
"Malam Sali, sabulu zumunci ne.
Shinkafar gidan makoki sadaka ce.
Ka taɓa jin an yanka wa sadaka rasit?"

Ban taɓa ji ba.
Amma ban taɓa ganin sadaka mai tambayar
lambar rumfar da za ka jefa ƙuri'a ba.

Can ƙetaren titi Dijatu Bakari ke yawo a ƙasa,
tsohuwar unguwarzoma, da lasifikar aro.
Rabin masu zaɓen nan ita ta yanke musu cibi.
Tana maganar kwatar da ta toshe tun bara,
da harajin rumfa da ba a san aljihunsa ba.
An ce littafinta shafi uku ne,
na ukun ma ruwan sha ne.
Mata suka saurare ta har ƙarshe,
sanye da fuskar Hamajoda.

Wanda ya sayi saniya da tsada
ba don kallon ƙahonta ya saya ba.
Shekara biyar za a yi ana tatsa,
mu ne saniyar, mu ne muka karɓi kuɗin igiya.

Daren ƙarshe barci ya ƙi ni.
Na ji Binuwai tana wucewa ƙarƙashin gada,
ba ruwanta da wanda zai ci.
Na tuna yaran da na ja wa jan biro
don sun ɓoye ɗaya da ke hannu.
Na kunna fitila, na zuba sabulu a shafi,
na zuba gishiri, na zuba ambulan.
Jimla ta tsallake layin doka sau huɗu,
ta tsaya tana kallona.

Da safe na kai littafin ofis.
Magatakarda ya karɓa da hannu biyu,
ya ce sannu da ƙoƙari, Malam,
ya ɗora shi kan tarin takardu,
ya danne da dutse kada fanka ta ɗauka.
Sannan ya fita wanke hannu a bakin buta.

Na gane sabulun.
Shafi na goma sha ɗaya, layi na shida.