Kifi a Wutsiyar Baƙo

Jirgin yaƙi ya sauka daga Portugal
a sansaninmu na arewacin Norway,
inda rana ke ƙin faɗuwa.

Matuƙi Amílcar ya shafa masa hanci,
ya ce, "Ku kula min da shi."

Mun kula.
Mun ɗura mai, mun duba taya,
Ragnhild ta ɗaure ƙusar da ta saki.
Sannan Torgeir ya zaro kwali
da gwangwanin fenti ruwan ɗorawa.

Fuss! Fuss!
Busasshen kifi a gindin wutsiya,
ido ɗaya, yana murmushi.

Na sunkuya goge hannu,
ashe an riga mu:
ga agwagwa da hular soja,
ga jaki mai tabarau,
ga sunan wata Mirela, an kankare rabi.

Da safe Amílcar ya zagaya,
ya tsaya, ya daɗe.
Ya ce, "A garinmu da dankali ake cinsa."
Ya tashi da kifinmu sama.

Bayan wata biyu namu ya dawo daga can
da zakara a ƙofar taya.
Har yau kwamanda bai gani ba.
Wai.