Mai Gasa Ƙusa

Tsaya nan, Odile, gwiwata ta ƙi.
Benen farko ya ishe ni, sauran ki hau da ido.
Ina ɗan sha huɗu na fara zuwa nan,
ba matakala, sai katako mai santsi da igiya,
kogin Seine can ƙasa kamar zaren da aka yar.

Mu huɗu ne a kan kowace ƙusa.
Ni ke hura wuta, in gasa ta ta yi jawur,
in miƙa da awartaki.
Fulbert ya cusa ta a rami, ya tokare,
Honorin ya kifa mata hula,
Gaspard mai damtse ya sauke guduma.
In ta huce sai ta tsuke,
ta rungume ƙarfe biyu, rungumar da ba saki.
Sirrin ke nan, jikata:
wuta ke lallashi, sanyi ke ɗaurewa.

Miliyan biyu da rabi, in ji masu lissafi.
Ban ƙirga nawa ba.
Tabon hannuna ya ƙirga.

Daga Levallois ƙarafan ke zuwa a keken doki,
kowanne da lambarsa, ramukansa a huje.
In rami ya saɓa wa ɗan'uwansa
ba a yi masa dole, sai a mai da shi gida.

Ƙafafu huɗu suka tashi a karkace,
kowace kamar za ta faɗa kan 'yar'uwarta.
An tallafe su da akwatunan yashi,
ana tsiyaye yashin kaɗan-kaɗan,
ƙafa na sunkuyowa a hankali,
har wata ranar Disamba rami ya ga rami.
Gaspard, da bai yi kuka ba ran da aka binne uwarsa,
ya share ido da hula.

Masu alƙalami a gari suka ce mummuna ce,
ƙashi ba nama, bututun hayaƙin masana'anta.
Ba su san iska ce ta zana ta ba.
Dubi lanƙwasar ƙafar nan, ba ado ba ce.
Wanda ya bar wa iska ƙofa
ba ya kokawa da ita.

Sanyi ya shigo, yatsa na manne wa ƙarfe,
muna ta hawa, lada na zaune a ƙasa.
Muka ajiye guduma.
Aka ƙara mana 'yan santim, muka ɗauka.

Shekara ashirin aka yanka mata,
daga nan a kwance ta.
Sai sojoji suka ɗaura mata wayoyi a ka,
ta riƙa jin maganar da ke yawo a iska.
Mai kunne irin wannan, wa zai rushe ta?
Ta wuce wa'adinta.
Fulbert bai wuce nasa ba, tari ya ci shi.
Honorin ya koma Auvergne, ban ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Da zafi takan ƙara tsawo, kusan taƙi,
ta ɗan kau da kai daga rana kamar mai kunya.
Na san ta ja, na san ta rawaya,
yau ga ta ruwan ƙasa.
Ita ana sake mata riga.
Ni tawa ce dai tun bikin uwarki.

Sunaye saba'in da biyu aka rubuta a ƙugunta,
duk na masana.
Kada ki wahalar da wuyanki, ba mu ciki.
Zo nan, bayan wannan ginshiƙi.
Kin ga waccan mai karkatacciyar hula?
Atishawa ta kama Gaspard, guduma na sama.
Shugaban aiki bai gani ba,
mu kuma muka ja bakinmu shekara arba'in.

Taɓa ta.
Da ɗumi, ko?
Na sani, rana ce.
Ki bar ni dai in ce wutata ce ba ta gama hucewa ba.