Haƙora Talatin da Takwas

Ranar farko na zo da girman kai
da keken kwalta da kawuna ya bar mini,
farantin gabansa haƙora hamsin da biyu,
yana sheƙi kamar sabuwar tasa.
Na ce, wanda ya saba hanyar Ƙonni da sassafe
me zai ba shi tsoro a bayan tafkin Babaye?

Mu goma sha ɗaya ne.
An ja igiya daga aduwa zuwa aduwa,
an gitta katako biyu a gindin tudu,
wani yaro da usur a baki
yana jiran Malam Nomau ya sauke hannu.

Fako ya karɓe ni da fara'a.
Sai ƙorama.
Yashi ya riƙe tayar gaba riƙon mai bin bashi.
Na taka, feda ta ƙi.
Na miƙe tsaye, na zuba mata nauyina duka,
ta ƙi.
Na tafi gefe a hankali
kamar buhun albasa da aka jingine ba daidai ba.

Tsahara ta wuce ni a kan keke marar fenti,
ƙafafunta na juyi kamar mazari.
Ko kallo ban ishe ta ba.

Ran Litinin na tura shi rumfar Arzika, kusa da tasha.
Bai tambaye ni komai ba, gwiwata ta riga ni magana.
Ya ɗora babban yatsa kan farantin yana ƙirga,
leɓɓansa na motsi.
"Hamsin da biyu. Agadas za ka?"

Ya jawo gwangwani, ya zube ƙarafa a ƙasa.
"Gaba ƙarami, baya babba.
Talatin da takwas nan, faranti ɗaya tak,
kada yashi ya sami wurin kwana.
Baya kuma daga sha ɗaya har talatin da biyu.
Babban nan na tudu ne, kar ka ji kunyarsa.
Ka sauya tun kana hango yashi,
sarƙa ba ta jin magana in ta riga ta ɗaure."

Na ce, gudu fa?
"A ina? Miƙaƙƙiyar hanyarku taku ɗari biyu ce."
Ya sace wa tayoyin iska har suka yi laushin tumatir.
"Taya mai taurin kai nutsewa take yi."
Jika huɗu ya karɓa.
Tsohon farantin ya miƙo mini, ya ce in rataya a ɗaki.

Sati uku ina koyon sauka ba tsayawa:
ƙafar dama ta zagayo ta baya,
tsalle,
keke a kafaɗa, katako, katako, gudu.
Ƙarfe ya buga mini tambari shuɗi,
har inna ta naɗa ɗan gammo ta ɗaure a jikinsa.
Yadda na riƙa faɗa wa sirdi wajen hawa kuwa,
wannan tsakanina da sirdin ne.

Tsere na biyu ya faɗo bayan ruwan dare.
Laka ta hau ni har gira.
Na hango ƙorama, yatsana ya riga ni tunani,
sarƙa ta hau, ƙat, ƙat,
ƙafafuna suka yi ta juyi ba hutu,
yashin ya sake ni kamar bai san ni ba.
Tudun nan na hau shi sau shida a zaune,
numfashina kamar zugazugi,
amma tafin ƙafata bai taɓa ƙasa ba.

Na tara na zo.
Biyun bayana, ɗaya sarƙarsa ce ta tsinke.

Muna wanke kekuna da buta
Tsahara ta tsuguna ta leƙa nawa.
"Nawa ne gabanka?"
Na ce talatin da takwas.
Ta share laka daga haɓarta.
"Nawa talatin da shida."

Tun daren nan nake juyi kan tabarma
saboda haƙora biyu.